Yana ƙyamar abin, amma bai yarda a ɗaure mai yi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani asibiti a Ingila. Akwai wani dattijon Bature da muke shan shayi tare. Ran nan ya ce mini shi ko zancen luwaɗi ba ya son ji, amma bai yarda hukuma ta kama kowa a kansa ba. Kuma da idona na gan shi yana raha da wani abokin aikinmu da kowa ya san haka yake. Wannan ba baki biyu ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, tambayoyi biyu ya amsa maka, kai kuma ka ji su kamar ɗaya. Ta farko: me zuciyata take ji game da abin? Ta biyu: me zan sa ɗan sanda da alƙali su yi? Mu masu nazarin zamantakewa ba ma ce wa mutum mai haƙuri da wasu sai in akwai abin da yake ƙi. Wanda abu bai dame shi ba, da me zai yi haƙuri?

Tsohon naka ɗan zamaninsa ne. A 1957 kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin John Wolfenden ya ba da shawarar doka ta cire hannunta daga abin da manyan maza biyu suka yi a ɗaki da yardarsu. Kwamitin bai ce abin mai kyau ne ba. Cewa ya yi akwai lamuran da ba hurumin kotu ba ne. Wani babban alƙali, Lord Devlin, ya ƙi. A 1959 ya ce idan ƙyamar talaka mai hankali ta kai maƙura, al'umma na da ikon hukuntawa don kare kanta. Farfesa Hart na Oxford ya mayar masa da cewa ƙyama kaɗai ba hujja ba ce, a nuna wanda aka cuta tukuna. Sai 1967 aka sauya dokar a Ingila da Wales, ga waɗanda suka kai shekara 21.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Michael Ramsey, shugaban cocin Ingila na lokacin. A majalisar dattawa ya tsaya a kan cewa aikin zunubi ne, kuma ya goyi bayan a daina ɗauri. Irin matsayin abokinka ke nan sak.

Na san dalilin da abin ya ba ka mamaki. A Najeriya an ɗaure tambayoyin biyu da igiya ɗaya: dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Can kuwa, yau matasa da yawa sun wuce tsohon ta ɗaya ɓangaren, har suna ganin furta ƙyamar ma laifi ne. Wataƙila shi ya sa sai a wurin shayi, ku biyu, ya faɗa maka.