Filin Tambayoyinku: Wai a Amurka gwamnati ke biyan manomi, mu ina namu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wajen Pitowa, ina noman masara da auduga, ina kuma da 'yan shanu bakwai a hannun wani Bafillace. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ngaundere ya nuna mini a waya wai a Amurka in fari ya cinye gona ko farashi ya faɗi, gwamnatin tarayya ce ke biyan manomi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, mu nan Kamaru ina namu rabon? Kullum muna jin tallafi a rediyo, amma ni ko tiya ɗaya ta taki ban taɓa samu kyauta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya nuna maka kan labarin ya bar gangar jikin.

Abin ya samo asali ne a 1933, zamanin shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas har gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage shuka don kasuwa ta farfaɗo. Daga nan ya zama al'ada: kusan duk shekara biyar majalisarsu na zartar da babbar dokar noma. Da ita ake biya wa manomi kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin inshorar gonarsa, ana kuma biyan makiyayi diyya in fari ya ƙone masa makiyaya ko mugun yanayi ya kashe masa dabbobi. Abin da wayar ba ta gaya maka ba shi ne, fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin wannan doka, abinci ake saya wa talakawa da shi, ba manomi ake ba. Wanda ya rage kuma, masu manyan gonaki ke kwashe mafi tsoka. Sannan manoma a can ba su kai kashi 2 cikin ɗari na masu aiki ba. Mutum casa'in da takwas su ɗauki nauyin biyu, ai da sauƙi. Mu nan Arewa, in ka shiga kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka ce duk mai gona ya ɗaga hannu, wa zai rage ya biya?

Kuma tallafin nasu ya taɓa aljihunka ba ka sani ba. Audugar da aka tallafa wa ta cika kasuwar duniya, farashi ya sauka. Shi ya sa a 2003 Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kuka gaban ƙungiyar ciniki ta duniya. Brazil kuwa ƙara ta shigar ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Mu dai ko ƙwandala.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba mu da gwamnatin tarayya, tun 1972 aka soke wannan tsari, don haka komai daga Yawunde yake saukowa ta ma'aikatu biyu: MINADER ta noma, da MINEPIA ta kiwo. Abin da nake so ka riƙe, wanda na shekara da shekaru ina faɗa tun ina malamin gona ina yawo a kan babur tsakanin Gidar da Garwa, shi ne: yawancin abin da rediyo ke kira tallafi a nan bashi ne, kuma ta ƙungiya yake biyowa, ba ya ƙwanƙwasa ƙofar mutum ɗaya.

Ka dubi audugarka. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma gwamnati ke da kaso mafi yawa a cikinsa, tare da tarayyar manoman auduga, su ke kawo taki da maganin feshi a farkon damina, a cire kuɗin bayan an ɗora auduga a sikeli. Ana kuma sanar da farashin kilo tun kafin kaka. Kada ka raina wannan. Mai albasa a Marwa bai san nawa zai sayar da buhu ba sai ranar da ya kai shi kasuwa, kai kuwa ka sani. Amma sharaɗin shi ne lamunin juna: in ɗaya ya kasa biya, sauran 'yan rukuni ke cikawa.

Na ga wannan da idona a rukunin da nake ciki. Wani daga cikinmu ya karɓi buhu huɗu na taki, bikin 'yarsa ya taso, ya ɗora biyu a amalanke da daddare ya kai wa wani ɗan kasuwa a farashin banza. Gonarsa ta fito rawaya-rawaya, kamar mai ciwon shawara. Ranar biya muna zaune ƙarƙashin darbejiya, magatakarda na karanta lissafi, sai muka ji an zaftare wa kowa wani abu. Ba wanda ya ce uffan. Shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Tun daga ranar na daina shiga rukuni don kunya ko don zumunci. Kai ma ka zaɓi waɗanda ka san gonarsu, ba waɗanda ka san gaisuwarsu ba.

Masu shinkafa a Yagwa da Maga suna da SEMRY tun 1971, mai ba da fili da ruwa da huɗa a biya kuɗin aiki. A Garwa kuma akwai ofishin hatsi da aka kafa don ya saya da kaka ya fitar lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ko da yake abin da yake iya saya bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da masarar da yankin ke fitarwa.

Masararka fa? Nan ne rauni yake, ba zan ɓoye maka ba. A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi noma. Kamaru ba ta kai ba, kamar yawancin ƙasashen. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 taki ya yi tashin gwauron zabo, an fito da shirye-shiryen rage farashi, amma sunayen ƙungiyoyi masu rajista aka bi. Don haka in ba ka cikin GIC, wato ƙaramar ƙungiyar taimakon juna mai rajista, ko ƙungiyar haɗin gwiwa, ku haɗu ku yi rajista. Dokar GIC tana nan tun 1992, kuma mutum biyar sun isa. Ka saba da ofishin malamin gona na yankinku, ka riƙa leƙawa tun bazara, ba sai ruwan farko ya sauka ba. Duk takardar da za ka dangwala wa hannu, ka tambaya a fili: kyauta ce ko bashi, kuma yaushe ne biya? Kuma wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a jeri, ka nemi rasit.

Shanunka bakwai kuwa, nan kusa da kai a Bokle akwai LANAVET, inda ake haɗa allurar rigakafin ciwon huhu da harbin daji, jami'an MINEPIA kuma na fita zagayen rigakafi. In sun shiga gonar wani, ko na wani sun shiga taka, akwai kwamitin sasanta manoma da makiyaya da dokar 1978 ta tanada, ƙarƙashin sufurefe, wato shugaban gunduma na gwamnati, da basarake a ciki. Ka fara da jauro, in ta ƙi sai a je can. Amma kafin nan, jeka rugar ka tambayi Bafillacen nan yaushe rabon shanun da allura. In ya ce an yi, ka ce ya nuna maka takardar.