Na cika shafi uku a kan haƙƙin sauraro, malam ya ba ni 5 cikin 20

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce a tsangayar shari'a, aji uku, kuma kwas ɗin dokar gudanar da hukumomin gwamnati yana neman kayar da ni. A gwajin da muka yi an ba mu labarin wani ɗan kasuwa da hukuma ta soke masa lasisi ranar 10 ga Janairu ba tare da an kira shi ya kare kansa ba. Ya yi ta rubuta takardun roƙo, sai a watan Satumba ya shigar da ƙara. Na cika shafi uku a kan sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki, mai magana kan haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, na kawo shari'ar Garba, na kawo ta Ridge da Baldwin. Malam ya ba ni 5 cikin 20, ya zagaye kwanan watan nan biyu da jan biro, bai rubuta komai ba. Abin da ya ƙara tayar min da hankali, kawuna yana cikin irin wannan hali. Wata hukumar tarayya ta rufe masa gidan ruwan leda, ta janye rajistarsa, yau sati shida ke nan. A gida an ce kada a kuskura a kai gwamnati kotu, akwai wani mai hanya da ya yi alkawarin ganin oga a Abuja. Ina na kuskure a gwajin, kuma me zan faɗa wa kawu?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, har ɗan sassauci ya yi miki. Jan biron nan shi ne amsar tambayarki ta farko, kuma saboda shi na ture sauran wasiƙu na fara da taki, don maganar kawunki ba ta jira.

Abin da kika rubuta gaskiya ne. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban a 1986, kuma cikin dalilanta akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna, ga shi kuma laifuffukan da ake zargin yaran da su manya ne, na kotu. Duk wannan kin san shi. Sai dai tambayar da aka yi miki ba ta kai can ba. Kafin alƙali ya saurari ko an zalunci mutum, sai ya fara duba ko ƙofar kotu tana buɗe masa. Ɗan kasuwar nan naki ya iso ne wata biyar bayan an kulle.

Dokar Kare Jami'an Gwamnati, sashe na 2(a), ta ce duk ƙarar da za a kai wani saboda abin da ya yi, ko ya ƙi yi, wajen aiwatar da doka ko aikin hukuma, dole a shigar da ita cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Dokar ta 1916 ce, Turawan mulki suka kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893. Su can sun soke tasu tun 1954, mu muna riƙe da tamu kamar gadon kaka. Jihohi da dama kuma suna da irinta, don haka a kullum ki duba ta jihar da abin ya faru. Kada ki ce ai jami'i aka ce, ni hukuma zan kai ƙara. A shari'ar Ibrahim da Kwamitin Harkokin Shari'a na Jihar Kaduna, 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da ma'aikatu da hukumomi, ba mutum mai jini da tsoka kaɗai ba. Yadda ake lissafin kuwa ba shi da wuya, an bayyana shi a shari'ar Egbe da Adefarasin: a ɗauki takardar ƙara, a ga ranar da mai ƙara ya ce an cuce shi, a ga ranar da rajistara ya buga hatimi, a ƙirga. Lauyan gwamnati ba ya ma buƙatar ya kare abin da hukumarsa ta yi. Zai miƙe ya ce "ya mai shari'a, wa'adi ya wuce", ya koma ya zauna.

To bari in tsaya a kan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kowane mako sai ya shigo ofishina da ƙafarsa.

Mutanenmu sun yi imani cewa muddin kana rubuta takarda, ana karɓa ana buga hatimi, to maganarka tana raye. Ba haka ba ne. Takardar roƙo ba ta tsayar da agogo. Zaman sulhu ba ya tsayar da shi. "Fayil ɗinka yana teburin darakta" ba ya tsayar da shi. Kotun Ƙoli ta faɗi wannan ƙarara a shari'ar Eboigbe da NNPC a 1994: mutumin da ya ce an lalata wa danginsa amfanin gona wajen shimfiɗa bututun mai, ya ɓata shekaru yana musayar wasiƙu da kamfanin, da ya gaji ya je kotu aka ce masa tattaunawa ba ta hana lokaci tafiya. Ki lura, ba a ce masa ba shi da gaskiya ba. Haƙƙin yana nan, hanyar karɓo shi ce ta toshe.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Ya zo min da baƙar leda, ya kwance ta a kan tebur a hankali kamar mai fito da kayan lefe. Wasiƙu ne goma sha ɗaya, kowace da hatimin "an karɓa" da sa hannun akawu, ya jera su bi da bi, ya ma sa an lulluɓe ta farkon da roba don kada ta yage. An ƙwace masa izinin sana'ar da ya shekara ashirin yana ci da iyalinsa da ita, ba a taɓa kiransa an tambaye shi ko da kalma ɗaya ba. Da na karanta takardar soke izinin sai da gabana ya faɗi, don irin shari'ar da ɗalibin aji uku zai ci ce. Sai na duba kwanan wata: shekara biyu da wata ɗaya. Yana kallona yana murmushi, yana cewa "Barista ka ga ban yi sake ba, duk ga shaida." A cikin wannan lokaci ya sayar da babur, ya ba wani ɗan ƙaramin gari mai babbar riga kuɗin mota zuwa Abuja har sau huɗu. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Irin wannan mai hanyar shi ne aka kawo wa kawunki. Ban san shi ba, amma na san sana'arsa. Jarinsa waya biyu ne da hoton da ya ɗauka da wani babba a wajen ɗaurin aure. Kalmarsa ɗaya ce, "a ƙara haƙuri, oga ya yi tafiya". Kuma abu na farko da zai gargaɗe ku a kai shi ne kada ku je wajen lauya, wai za a ɓata magana. Gaskiyarsa, maganar da za a ɓata tasa ce. Ba shi kaɗai nake zargi ba. A cikin ma'aikatun kansu akwai waɗanda suka san dokar wata ukun nan sarai, sun fi ki saninta, shi ya sa ba sa taɓa ce wa mutum a'a. Je ka ka dawo, kwamiti bai zauna ba, mai sa hannu yana kwas. Sai kalanda ta yi musu aikin, sannan fuska ta canza. Har da wasu lauyoyin, abin kunya, waɗanda za su karɓi kuɗi su rubuta wasiƙa mai zafi cike da Latin, su ba hukuma kwana goma sha huɗu, su sake rubuta wata, ba su taɓa buɗe dokar da ta kafa hukumar ba.

Su kuma na gida da ke cewa faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, ina ganin girmansu, amma wannan karatun zamanin soja ne, lokacin da ake rubuta dokar da ke cewa babu kotun da za ta saurari magana kaza. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana majalisa yin irin wannan a sashe na 4(8), sashe na 6 kuma ya ba kotuna ikon raba gardama tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati. Ko a ƙarƙashin sojan ma, a 1986, Kotun Ƙoli ta taka wa gwamnan Legas birki a shari'ar Ojukwu, lokacin da aka fitar da shi daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Shigar da ƙara ba zagin kowa ba ne, kuma ba ya hana sulhu. Sau da yawa ma sai sammaci ya isa ofis ake gano inda fayil ya ɓuya. A shigar, a ci gaba da zuwa gaisuwa, in an daidaita a janye. Haƙuri ibada ne, amma ban ga inda aka ce mutum ya zauna dukiyar 'ya'yansa ta salwanta don jin nauyin wanda gwamnati ke biya albashi ya yi masa aiki ba.

Na san za ki ce akwai togaciya. Akwai, kuma a jarrabawa dole ki kawo su: dokar ba ta shafi ƙarar karya kwangila ba, ba ta shafi neman mallakar fili ba, ba ta kare jami'in da ya fita daga da'irar aikinsa ko ya yi abu da mugun nufi ba, sannan idan cutarwar mai ci gaba ce, lissafi yana farawa daga ranar da ta tsaya. Ƙarar neman haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin ƙa'idojin kotu na 2009 ita ma ba ta da wa'adi. Amma a aikace waɗannan igiyoyi ne da ake jefa wa wanda ya riga ya faɗa rijiya. Ɗauki maganar cutarwa mai ci gaba. Za a ce ai har yau kwaɗo yana jikin ƙofar kawu, don haka cuta tana ci gaba. Lauyan hukuma zai amsa cewa aikin an yi shi rana ɗaya, abin da ke ci gaba raɗaɗinsa ne, kuma kotuna sun sha karɓar wannan bambanci. A batun korar ma'aikata kuwa, Kotun Ƙoli ta ce a 2019 dokar ba ta shafi kwangilar aiki ba, daga baya wasu hukunce-hukuncenta suka sake amfani da ita. Wa zai ɗora abincin gidansa a kan wannan kwan gaba kwan baya?

Akwai kuma tarko na biyu da ke cin lokacin. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a ba su sanarwar niyyar ƙara kafin a shigar, galibi wata ɗaya. In ba a bayar ba kuma hukumar ta yi magana, kotu za ta kori ƙarar, ko da yake shari'ar Mobil da LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, ta 2002 ta nuna hukuma na iya rasa wannan kariya idan ta yi shiru. Wasu dokokin suna da nasu wa'adin daban, wasu kuma sun tanadi matakin ɗaukaka koke a cikin gida da sai an bi shi tukuna. Bambancin wannan da wasiƙun dattijon nan shi ne doka ce ta shimfiɗa shi, ba akawu ba. In kuma certiorari za a nema, wato umarnin babbar kotu na soke hukuncin da hukuma ta yanke, sai an fara neman izinin kotu, kuma ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya su ma wata uku suka bayar. Can ɗin ce kotun kawunki, bisa sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki, tunda hukumar ta tarayya ce kuma hukuncinta na gudanarwa ake ƙalubalanta. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kyauta take aiki kuma tana da amfani, amma shawara take bayarwa, kuma zuwa wajenta ba ya ƙara muku ko kwana ɗaya.

Game da karatun naki, abin da ke kayar da ɗalibai a wannan kwas shi ne haddar sunayen shari'o'i kamar masu tilawa. Ki samo dokar da ta kafa hukuma ɗaya tak, NAFDAC ko NCC ko wadda kika ga dama, ki karanta ta daga farko har ƙarshe da fensir a hannu. Ki nemo inda aka ba ta ikon yin ƙa'idoji, wa ke sa hannu, wa aka yarda a wakilta, me aka ce a yi kafin a soke lasisi, sannan ki juya can ƙarshe inda ake ɓoye wa'adi da sanarwa. Daga nan ultra vires, wato hukuma ta wuce ikon da doka ta ba ta, zai daina zama kalmar hadda. Rabe-raben nan uku na alƙalin Ingila Lord Diplock, na dalilan da kotu ke soke hukuncin hukuma, da kuke rerawa a aji, ki ajiye su sai kin gama da kotu, wa'adi, sanarwa da hurumin mai ƙara. Duk kwanan watan da kika gani a tambayar jarrabawa, da gangan aka sa shi.

Kada kuma ki je wa kawu da alkawarin nasara. Ruwan sha ne, rayukan mutane ne, kuma doka kan ba hukuma damar rufe wuri nan take idan lafiyar jama'a na cikin haɗari. Janye rajista dungurungum ba tare da an ji ta bakinsa ba, wannan ne inda sashe na 36(2) zai iya yi masa rana. Wataƙila ma idan lauya ya duba zai ce masa ya gyara injin tace ruwansa ya sake neman rajista, ya fi masa arha.

Amma lissafin ki yi masa shi yau da daddare. Sati shida sun tafi, saura kamar bakwai. In dokar hukumar tana neman sanarwar wata ɗaya, abin da ke hannunsa bai kai sati uku ba. Ki karɓi takardar janye rajistar, da wadda aka manna a ƙofa, da duk rasiɗin da ya taɓa biya, ki rubuta ranar da kowace ta iso hannunsa. Gobe da safe ki raka shi da kanki wajen lauyan da ke zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma tambayar farko da za ki yi wa lauyan ita ce ranar da wa'adi zai cika. In ya fara kame-kame, ku tashi ku nemi wani.