Tambaya da Amsa: Sabunta Jikin Tsohon Babur a Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini babur ɗinsa Honda CG 125, wanda ya daɗe yana hawa tun muna yara. Injin lafiyarsa ƙalau, amma jan fentinsa ya koɗe, tankin ya lotsa ta gefen dama, madigadin baya kuma tsatsa ta fara cinsa. Ina so in gyara jikinsa da hannuna a gida, in fesa masa fentin gwangwani a hutun ƙarshen shekara. Wani abokina ya ce in gasa tankin da wuta kaɗan don lotsawar ta taso. Mene ne shawararku? — Daga wani mai karatu, Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya kai haske kabarinsa. Zan fara da maganar abokin naka, domin ita ce ta shafi rai. Malam, kada ka kusantar da wuta ko walda ga tankin nan, ko da ka tsiyaye man da ke ciki tas. Abin da ke fashewa shi ne tururin fetur da ya gauraya da iska, kuma tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, saboda tururin ya sami fili a cikinsa. Idan lotsawar mai zurfi ce, ka cire tankin ka kai wa masu bugun jikin mota, irin waɗanda ke Farin Gada, su wanke shi su tayar da ƙarfen da kayan aikinsu. Idan kuwa zurfinta bai wuce milimita 3 ba, fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, kaɗai ta ishe ka. Abin da ya haura haka ba a cike shi da fila, domin babur abin girgiza ne, fila mai kauri kuma tsagewa take yi ta ɓanɓaro da fentin da ke kanta.

Kafin ka ɗauki sifana, ka yi wa babur ɗin hotuna da wayarka ta kowane gefe, sannan ka ware gwangwanin madara ga notinan kowane sashe. Ka cire tanki da murafun gefe da madigadi biyu, ka wanke su da omo da ruwan ɗumi har sai maiƙo ya fita gaba ɗaya, musamman idan an saba goge babur ɗin da man sa walƙiya, domin burbushinsa ne ke sa sabon fenti ya yi 'yan ramuka kamar zanzana.

Yawancin kwanakin hutunka a kan samfefa za su ƙare, kuma a nan ne ake bambanta aikin da zai shekara da wanda zai yi wata biyu. Inda tsatsa ta ci, ka goge da samfefa mai lamba 80 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi) har sai farin ƙarfe ya fito, kada ka bar ko ɗigon ja, domin tsatsar da aka rufe tana ci gaba da ci ta ƙasa har ta kumburo fentin. Idan ka ɗaga madigadin a rana ka ga haske yana ratsowa ta 'yan huji, ka haƙura da shi ka nemi wani wurin masu sayar da kayan gyara a Dilimi. Tsohon fentin kamfani da bai ɗaye ba kuwa ba sai ka kankare shi duka ba. Ka kashe ƙyallinsa da lamba 320, shi ke nan.

Wajen kwaɓa fila, ka ɗebi kamar girman ƙwan zabo, ka sa mata sinadarin da ke daskarar da ita kamar ƙwayar wake, ka juya har launin ya zama ɗaya. Cikin 'yan mintoci take kamawa, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. A sanyin Jos takan yi jinkirin bushewa, sai mutum ya ƙosa ya ƙara sinadarin, daga baya tabo ya ɓullo ta cikin fentin. Ka goge ta a bushe da lamba 80, ka bi da 180, kada ka sa mata ruwa domin tsotsewa take yi. Ido yakan yaudari mutum a wannan mataki, don haka ka rufe idonka ka shafa wurin da tafin hannu; duk inda ka ji tudu ko kwari, fenti mai ƙyalli zai tona shi a bainar jama'a. Bayan haka sai firaima, wato fentin shimfiɗa, shafi biyu ko uku, ka bar shi ya kwana, ka lallaɓa shi da lamba 600 da ruwa.

Lokacin da ka zaɓa yana da amfaninsa da wahalarsa. Iskar hunturu busasshiya ce, ba kamar damina ba, lokacin da laima ke sa fenti ya yi fari-fari kamar hazo. Amma fenti ya fi son ɗumin da ya kai digiri 20 zuwa 25, safiyar Disamba a Jos kuma ba ta kusa da haka, ga ƙura. Ka yi feshin tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, a rumfa ko ɗakin da iska ke ratsawa, bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ka tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 10, ka girgiza shi sosai. Kaskon gawayin da muke jin ɗumi da shi kuwa kada ya shigo wurin, haka ma murhu da sigari. Ka riƙe gwangwanin nesa da ƙarfen kamar taƙi guda, ka fara feshin kafin ka iso kan tankin, ka sake shi bayan ka wuce. Shafin farko ya zama siriri har kana hango firaimar ta cikinsa, ka jira kamar minti 15 tsakanin shafi da shafi. Idan fentin ya zubo da hawaye, kada ka taɓa shi sai ya bushe, sannan ka goge.

Saura abin da masu sayar da fentin gwangwani ba su cika faɗa ba, wato fetur yana narkar da shi. Na taɓa fesa wa tankina baƙin fenti har ina alfahari da shi, ranar farko da na je gidan mai 'yan ɗigo suka zuba a bakin murfin, na sa tsumma na goge, fentin ya biyo tsumman. Abin da ke jure fetur shi ne ruwan ƙyalli mai haɗi biyu da ake kira 2K. Sai dai yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lahani ga huhu, wanda takunkumin yadi ba ya tarewa. A ganina, ka yi gyaran da launin da kanka, amma tankin ka kai wa mai fentin mota ya fesa masa wannan shafin na ƙarshe, kuma ka gaya masa irin fentin da ka sa don ya gwada a ƙasan tankin tukuna, kada ya yamutsa maka aiki. Ka ba shi mako guda kafin ka zuba mai.

Ka bar wa babur ɗin jan launinsa, tun da shi ne a rubuce a takardun babur ɗin, kuma ka rufe lambar shasi da tef, kada samfefa ko fila ta taɓa ta.

TAMBAYA: Na fesa wa murafun gefen Jincheng ɗina fenti, bayan mako biyu ya fara ɗayewa kamar ɓawon albasa. Na salansa kuma ya ƙone tun ranar farko. Ina kuskuren yake? — Daga wani mai karatu, Bukuru.

AMSA: Murafun roba ne, ɗan'uwa, kuma fenti ba ya kama roba sai an goge ta da lamba 400, an wanke, an fesa mata firaimar roba. Kada ka cire tsohon fentin da tina, wato ruwan tsinka fenti, domin tana iya narkar da murfin kansa. Samfefa da ruwa za ka yi amfani da su. Salansa kuwa tana buƙatar fenti mai jure zafi, wanda ake rubuta yawan digirinsa a jikin gwangwanin, kuma idan mai walƙiya ce sai an kashe walƙiyar da samfefa kafin ya zauna. Bayan ya bushe, ka tayar da injin na 'yan mintoci ka kashe, ka bari ya huce, ka maimaita sau biyu ko uku don fentin ya gasu a hankali.