Sana'ar romon ƙashi: Hajiya dakata da bashin firiza tukuna

Wata baiwar Allah ta turo min tambaya, tace tana saida abinci a gida kuma ta tara naira 60,000, tana so ta fara dafa romon ƙashi tana zubawa a robobi tana saidawa saboda taga ana ta yayinsa a TikTok, ana cewa yana maganin ciwon gaɓɓai yana gyara fata. Shine take tambaya ko ta ci bashi ta sayi firiza, kuma nawa ya kamata ta saka wa roba ɗaya.

Toh Hajiya, Allah ya sa albarka. Sana'ar tana da kyau wallahi kuma kina da kasuwa tun kafin ki fara, don abun ba baƙo bane a wajenmu, ƙaurin da ake dafa wa mai jego ai ƙafar saniya ce ake barinta kan wuta har ta narke, ga farfesun da ake kai wa mara lafiya asibiti a kula. Masu jego, tsofaffin da haƙori ya gaza, wanda ya tashi daga jinya baya iya cin abu mai nauyi, su ne kwastomominki na farko. Amma bashin nan ki dakata dashi.

Mutane suna ɗauka ƙashi ne ke cin kuɗi a wannan sana'ar, alhali shine mafi arha a ciki. Wuta ce take cinye ribar. Ƙashin saniya kafin ya saki abunda ke cikinsa sai ya yi awa 8 zuwa 12 a kan wuta kaɗan kaɗan, ba tafasa mai ƙarfi ba, in kika ɗora wannan a kan gas da tukunya irin ta miya toh kin gama yi wa mai gas aiki. Ko dai kiyi da gawayi a babbar tukunya ki dafa da yawa lokaci ɗaya, ko ki sayi tukunyar presha, mai rufewa gam tana dahuwa da ƙarfin tururi, wadda zata gama miki a awa 2 zuwa 3. In ni ce da kuɗin nan a hannu, presha zan fara saya kafin komai.

Wajen sayen ƙashi ki tafi da sassafe wajen mahauta, ki riƙe mutum ɗaya ya zama naki, ki ce masa Malam ƙafa nake so da ƙashin gwiwa da mai ɓargo, ya sassara miki da gatari yadda ɓargon zai fito fili. Gwiwa da ƙafa su ke da jijiya da guringuntsi, kuma daga nan kolajin, wato sinadarin da ke sa romo ya daskare in ya huce, yake narkewa ya shiga ruwan. In kin dawo ki wanke, ki tafasa kamar minti 10 ki zubar da wannan ruwan farko mai kumfa da ƙarni, sannan ki zuba sabo ya ɗan rufe ƙashin, da albasa, citta, tafarnuwa, kanunfari, masoro da 'yar daddawa. Gishiri kaɗan sosai, magi ma in da hali ki barshi, saboda cikin tsofaffin da zasu sha akwai masu hawan jini. Zaki gane ya yi ne in ya huce a firij, kitse ya taru a sama fari sai ki kwashe da cokali, ƙasan kuma ya daskare yana rawa in kin girgiza kwanon. In ya tsaya tsululu toh ruwa ya yi yawa ko wuta bata isa ba.

Yanzu maganar firiza. Romo baya da haƙuri, in ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi ya fara zama haɗari, balle da zafin nan namu. A firij kwana 3 zuwa 4 ne, a firiza zai yi watanni amma sai in wuta tana tsayawa. Na san wata da ta cika firiza da robobi aka ɗauke wuta kwana biyu, duk ta zubar tana hawaye ga bashi yana jiranta ƙarshen wata. Shi yasa nake so ki fara da oda, ki saka a status ɗinki na WhatsApp cewa ranar Juma'a da Lahadi akwai romo, mai so ya turo kuɗi tun ana gobe, ki dafa daidai adadin, a kai da zafinsa a kula. Ba asara, ba ajiya.

Farashi kuwa bazan yanke miki daga nan ba, ki yi dahuwar gwaji ɗaya ki rubuta komai, ƙashi, gawayi ko gas, kayan ƙamshi, roba, leda, kuɗin mota zuwa kasuwa, har ladan wahalarki. A ce duka ya kama 12,000 kuma ya fitar da roba 15, kinga kowace ta tsaya miki 800, sai ki ɗora ribarki a kai, kuɗin mai kai saƙo kuma na mai saye ne. Naman ƙafar da ganda ki saida su daban a matsayin farfesu, sau da yawa ma nan ribar take.

Dan Allah kuma kar ki tallata shi a matsayin magani. Yana da furotin, yana mayar da ruwan jiki, yana da sauƙin sha ga wanda bakinsa ba daɗi, wannan duk gaskiya ne kuma ya isa talla. Amma kalshiyam ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kaɗan ne duk da daga ƙashi aka dafa shi, kuma in kika ce yana warkar da sanyin ƙashi wata tsohuwa zata iya ajiye maganin asibitinta saboda maganarki, wannan haƙƙi ne babba. Ranar da kika kai ga rufe shi a roba da suna da tambari ki kai kantuna, sai kin bi ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Ki yi wata 2 a haka kina rubuta ciniki a littafi, in oda ta fi ƙarfin tukunyarki ki shiga adashe da ribar, ranar kwasarki sai a je a duba firiza.