Tuffa ce Hawwa'u ta ci a gonar Aidan?

Tambaya: Ina koyar da yara a makarantar Lahadi a nan Tawa. A hoton da muke nuna musu, Hawwa'u na riƙe da jar tuffa, Adamu kuma yana can nesa. Haka yake a Littafi Mai Tsarki? (Wata malama, Tawa)

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Mai zanen nan ya yi kuskure har biyu.

Buɗe Farawa sura 2 da 3, ki karanta su a jere. Ba za ki ga tuffa ko sau ɗaya ba. An ce itacen sanin nagarta da mugunta, an ce ƴaƴansa, shi ke nan. Itacen da muka san irinsa a cikin labarin shi ne ɓaure, wanda suka ɗinka ganyensa suka rufe tsiraicinsu (3:7). Tuffar daga Turai ta shigo, inda a harshen Latin kalmar "malum" take nufin mugunta, take kuma nufin tuffa.

Kuskure na biyu, wato sa Adamu can nesa, ya fi nauyi. Adamu aka bai wa doka a 2:16-17, tun ba a halicci matar ba. Kuma 3:6 ta ce mijinta yana tare da ita lokacin da ta tsinka ta ba shi. Bai ce uffan ba, ya karɓa ya ci. Shi ya sa Bulus, a Romawa 5:12, ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya.

Ki nuna wa yaran yadda maganar Allah ta riƙa sauya kama. Allah ya ce a ci kowane itace sai ɗaya, ranar da aka ci shi kuwa za a mutu. Maciji ya juya ta tambaya, kamar an hana duka. Matar ta amsa, amma ta ƙara da cewa ko taɓawa an hana, abin da babu shi a dokar. Sai maciji ya fito fili ya ce ba za su mutu ba.

Wani abin da malamai kan rikita: maciji da ƙasa aka la'anta (3:14, 17). Matar ta sami naƙuda mai zafi, mijin ya sami ƙayayuwa da gumi, sannan Allah ya yi musu tufafin fata kafin ya kore su.

In yaro mai wayo ya tambaya don me ba su faɗi matattu ran nan ba, alhali Adamu ya shekara 930 (5:5), ki kai shi 3:22-24, inda kerubobi, wasu halittun sama, suka tsare hanyar itacen rai don kada su Adamu su ci su rayu har abada.