Tambaya da Amsa: Me Makin Masu Sharhi Yake Aunawa a Wasannin Bidiyo?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun fi karkata ga abu guda, wato lambobin da ake liƙa wa sababbin wasannin bidiyo da kuma mutanen da suke bayar da su. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Duk lokacin da na nemi bayanin wani wasa a intanet sai in tarar an rubuta masa lamba, wani 94, wani 81. Su wa suke bayar da wannan maki? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda Astro Bot, wanda a idona wasan yara ne, ya sha gaban Black Myth: Wukong, alhali duk abokaina Wukong suke yabawa. Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar da kake gani, mafi yawan lokuta daga shafin Metacritic take fitowa, wanda aka buɗe a 2001. Shafin ba ya buga wasa da kansa, ba ya kuma yanke hukunci; aikinsa shi ne tattara makin da mujallu da shafukan sharhi irin su IGN da GameSpot suka bayar, ya mayar da kowanne a kan ma'aunin 100, sannan ya fitar da matsakaici. Sai dai ba duk masu sharhin ne bakinsu yake da nauyi ɗaya a wannan lissafi ba, domin shafin yana fifita wasu kafofi a kan wasu, kuma bai taɓa bayyana wa jama'a yadda yake raba wannan fifiko ba. Wannan ɓoyo yana cikin dalilan da suka sa aka kafa OpenCritic a 2015, wanda yake ɗaukar kowane sharhi daidai da ɗan'uwansa.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun da wuri: ma'aunin wasanni ba irin na jarrabawar makaranta ba ne. A makaranta, wanda ya ci 70 sai a yi masa barka. A nan kuwa, sai wasa ya kai 75 kafin Metacritic ya shafa masa koren launi, daga 50 zuwa 74 rawaya ne, kuma a idon masu saye rawaya tamkar gargaɗi ce. Da yake manyan kafofi ba su cika ɓata lokaci a kan wasannin da tun daga nesa an ga ba su da kirki ba, sai kusan dukkan manyan wasanni suka cunkushe tsakanin 70 da 95, har tazarar maki biyar ta zama abin da ake tayar da jijiyar wuya a kai. Mafi girman maki a tarihin shafin shi ne 99, na The Legend of Zelda: Ocarina of Time da ya fito a 1998, kuma shi ne wasa na farko da mujallar Famitsu ta Japan ta ba cikakken 40, bisa tsarinta na mutum huɗu kowa ya bayar da maki daga cikin 10.

Yanzu ga batun wasanni biyun da ka ambata, waɗanda duka a 2024 suka fito. Wukong, na kamfanin Game Science na ƙasar Sin, an gina shi a kan tsohon labarin Sarkin Birai, kuma an sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku kacal. Masu sharhi sun yaba kyan zanensa da faɗace-faɗacensa da manyan abokan gaba, amma sun koka da tangarɗar da suka ci karo da ita, da wuraren da hanya take a buɗe a ido amma ɗan wasa ya kasa wucewa, da kuma rashin taswira a lokacin da ya fito. Astro Bot kuwa, na Team Asobi da ke ƙarƙashin Sony, ƙaramin buri ya ɗauko kuma ya cika shi ba tare da tuntuɓe ba. A nan sirrin matsakaici yake: ba girman abin da aka yi niyya yake aunawa ba, yawan waɗanda suka rasa abin kushewa yake ƙirgawa. Wasan da mutum tamanin suka ce ba shi da aibi zai fi maki a kan wanda sittin suka mace a kansa, ashirin kuma suka yi tsaki. A bikin The Game Awards na waccan shekara, inda kuri'ar kafofin watsa labarai take da kashi 90 cikin 100, ta jama'a kuma kashi 10, Astro Bot ne ya zama gwarzo, amma kyautar da 'yan wasa zalla suke zaɓa ta tafi ga Wukong. Saboda haka abokanka ba su ɓata ba, suna tare da jama'a masu yawa. Ni dai, a nawa ganin, kalmar "wasan yara" ta yi wa Astro Bot kaɗan, domin sauƙin da ake gani a fuskarsa aiki ne mai wuyar gaske.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni fa ban yarda da waɗannan masu sharhi ba. Ina zargin kamfanoni ne suke saye su da kuɗi. Ko akwai gaskiya a zargina? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Barka kadai. Zarginka yana da tushe, amma ba a inda ka ɗora shi ba. Labarin da aka fi kafa hujja da shi ya faru a ƙarshen 2007, lokacin da shafin GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya mamaye shafin. A 2012 shi da kansa ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla yana cikin abin da ya jawo korar. Ka lura, a wannan labari mai sharhin ya faɗi abin da ya gani ne, shugabanninsa ne suka kasa tsayawa a bayansa.

Abin da ya fi yawa a yau ba miƙa ambulan ba ne, iko ne da lokaci da kuma abin da za a nuna. Kamfani ne yake aika wa mai sharhi kwafin wasa kafin ranar fitowa, shi yake sa ranar da aka yarda a wallafa sharhi, wani lokaci ma har da sassan da ba a yarda a yi magana a kansu ba. Wasan da aka tsara a buga shi a hankali cikin wata biyu, sai mai sharhi ya haɗiye shi cikin mako guda don kada abokan gasa su riga shi, kuma wanda ya ci tuwo a tsaye ba shi ne zai ba ka labarin daɗin miya ba. Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland, shi ne misali mafi muni. A Disambar 2020 an ba masu sharhi kwafin kwamfuta kaɗai, aka hana su na PlayStation 4 da Xbox One, har aka hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu a sharhinsu na farko. Makin na kwamfuta ya tashi sama da 80, mutane suka saya bisa wannan, sai waɗanda suke da PlayStation 4 suka tarar da wasa mai maƙalewa da mutuwa a tsakiyar tafiya, wanda daga baya ya samu 57. Abin ya kai har Sony ta cire shi daga kasuwarta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Kamfanin ya shafe shekaru yana gyara, kuma wasan da ake bugawa tun daga 2023 ya yi nisa da wancan, amma tsohon makin yana nan inda aka bar shi. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, da yake da yawa daga cikinmu tsofaffin na'urori muke riƙe da su, wajibi ne mutum ya duba makin na'urar da take ɗakinsa, ba na wadda take ofishin mai sharhi ba.

Kuɗi kuma yana shiga ta wata ƙofar da ba a cika tunani ba. Waɗanda suka ƙera Fallout: New Vegas a 2010 sun rasa ladan da aka yi musu alkawari saboda wasan ya samu 84, yarjejeniyar kuwa ta ce 85. Mai sharhin da ya san cewa alƙalaminsa yana iya taɓa abincin wasu, ba lallai hannunsa ya saki yadda ya kamata ba. Irin wannan nauyi yana cikin abin da ya sa wasu kafofi suka daina bayar da lamba gaba ɗaya, kamar Polygon a 2018, ko da yake Eurogamer da ta daina a 2015 ta dawo da ma'aunin taurari biyar a 2023.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da gidan gem, kuma kusan duk yaran da suke zuwa ƙwallo suke bugawa. Na ga masu sharhi ba sa ba wasan ƙwallo maki mai yawa. To ra'ayin wa zan bi wajen sayen sabo, nasu ko na sauran 'yan wasa da suke rubutu a intanet? Daga wani ɗan kasuwa a Kaduna.

AMSA: Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. Tun da kamfanin EA ya rabu da sunan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, makin wasan yana yawo ne tsakanin 70 da 80, kuma ƙorafin masu sharhi kusan ɗaya ne kowace shekara: ba a canza abin kirki ba, an sabunta sunayen 'yan ƙwallo da riguna an sake karɓar cikakken kuɗi. Tambayar da suke amsawa ita ce ko na bana ya fi na bara. Kai kuwa tambayarka ita ce ko yara biyu da suka zauna a benci ɗaya za su ji daɗin minti goma har su sake biya, kuma ko wasan zai tashi ba tare da intanet ba, kuma gigabait nawa za ka sauke kafin a fara. Waɗannan ba su cika shiga lissafin wanda wutarsa ba ta ɗaukewa kuma datarsa ba ta ƙarewa ba. Amma kada ka yi watsi da su ɗungurungum, domin idan maki ya faɗi warwas, to akwai dalili. Da Konami ta sauya wasanta na ƙwallo, PES, zuwa eFootball 2022 a Satumbar 2021, wasan ya fito da fuskoki a karkace da ƙungiyoyi 'yan kaɗan, ya samu 25, mafi ƙanƙanta a shekarar, har kamfanin ya nemi afuwa.

Makin jama'a kuma shi ma da nasa ciwon. A Yunin 2020, sa'o'i kaɗan bayan fitowar The Last of Us Part II, wanda masu sharhi suka ba 93, dubban mutane suka yi masa ruwan sifili a Metacritic, alhali wasan yana cin fiye da sa'a 20 kafin a gama shi. Bayan wannan ne shafin ya sa dokar jiran sa'a 36 kafin jama'a su fara bayar da maki. Duk da haka ba kowane irin wannan gangami ne shirme ba. A Mayun 2024 Sony ta ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, wanda ba a buɗe shi a hukumance a ƙasashe da dama ba, ciki har da mafi yawan ƙasashen Afirka. 'Yan wasa suka cika Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, da ƙorafi, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. Ra'ayoyin Steam sun fi amfani a wurinka, saboda sai wanda yake da wasan ne yake iya rubutawa, kuma ana nuna sa'o'in da ya yi yana bugawa. Ka karanta na waɗanda suka daɗe a ciki, sannan ka tambayi manyan kwastamominka, waɗanda kuɗinsu ne zai mayar maka da uwar kuɗi.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 12 yana roƙona in saya masa wani wasa, Baldur's Gate 3. Ya nuna mini cewa an ba shi 96 kuma shi ne gwarzon 2023. Tunda masana sun yaba, ba shi ke nan ba? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, yaron bai yi miki ƙarya ba, makin da kyautar duk gaskiya ne, kuma kamfanin Larian na Beljiyam ya yi aikin da ya cancanci yabon. Amma maki ƙwarewar aiki yake aunawa, ba dacewa da tarbiyya ba, kuma wannan wasa na manya ne, akwai zubar da jini da tsiraici a cikinsa. Lambar da ta shafe ki tana jikin kwalin, a kusurwar ƙasa. Idan kwafin na Turai ne za ki ga alamar PEGI da ɗaya daga cikin 3, 7, 12, 16 ko 18, wato mafi ƙarancin shekarun da suka dace; idan na Amurka ne za ki ga harafi, kuma M na nufin daga shekara 17. Baldur's Gate 3 yana ɗauke da 18, haka ma Grand Theft Auto V mai maki 97, wanda yara da yawa suke bugawa iyayensu ba su san abin da yake ciki ba.

Ki kuma juya bayan kwalin ki duba ko an nuna cewa ana saye-saye a cikin wasa, domin ko na ƙwallon da ake ganin ba shi da illa yana da sashen da ake biyan kuɗi a buɗe kati ba tare da an san ɗan wasan da zai fito ba, abin da hukumomin Beljiyam suka ɗauka a matsayin caca tun 2018. Idan PlayStation 5 ce a gidan, Astro Bot da muka yi maganarsa a sama 7 aka rubuta masa. Idan kuma a kwamfuta yake bugawa ta Steam, ana mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga sa'a biyu ba, don haka ki zauna kusa da shi a sa'ar farko ki gani da idonki.