PADI ko SSI? Amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, ka ce tunda ka samu katin farko na nutso, mai kai ka mita 18, wa za ka bi ka ƙaro ilimi, cikin ƙungiyoyin da ke koyar da nutso su ba da kati: PADI ko SSI, ko CMAS mai ƙirga matakanta da taurari. Tambayar yaran yanzu ke nan. Ba ruwanku da hannun da za ku shiga, ku dai sunan da za a buga a kati, a ɗauki hoto a sa a Facebook.

PADI tun 1966 take, SSI tun 1970, duka daga Amurka. CMAS a Monako aka kafa ta a 1959, shugabanta na farko Jacques Cousteau, wanda ya zo ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, nan kusa da mu a Bahar Maliya ta Sudan, a 1963. Mataki na biyu a PADI da SSI duk mita 30 ne, kuma kowacce tana karɓar katin 'yar'uwarta. Bambancin da ya shafi cinka da shanka shi ne, malamin SSI dole ya jingina da wata cibiya, na PADI yana iya cin gashin kansa.

Abin da ya sa na zauna amsa maka, wani baƙo ne da har gobe in na tuna shi raina ke ɓaci. Ya sauka Bur Sudan da kati sabo fil, ga littafin nutso cike da hatimi, ya ce Umbria yake so, jirgin Italiya da aka nutsar a 1940 da bama-bamai a cikinsa. Kayansa sun fi nawa tsada. Muna kaiwa wajen mita 28, kusa da farfela, ruwa ya ɗan shiga gilashin fuskarsa. Abin da ɗan koyo ke gyarawa da huci ɗaya ta hanci! Sai na ga idanunsa sun firfito, ya danna maɓallin hura rigar iska, mai ɗaga mutum sama, ya riƙe, ya nufi sama. Na cafko ƙafarsa, na haye jikinsa na fizgi igiyar sakin iska, yana shurina yana neman cire min abin shaƙa daga baki. Na rage mana gudu, amma tsayawar da ake yi a mita 5 don iskar da ta taru a jiki ta fita ba ta samu ba. Shi ya fito garau, nutsonsa na farko ke nan a ranar. Ni kuwa nutsona na uku ke nan. Kafin magariba kafaɗata ta dama kamar ana huda ta da basilla, iska ta yi kumfa a gaɓa. Kuɗin ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wannan ciwon, da na magani daga aljihuna suka fita, sai da na sayar da injin cika silinda, injin da na yi shekaru ina tara kuɗinsa. Daga baya abokin tafiyarsa ya faɗa min rabin hatiman nan a kanti aka buga masa su. Cikon kuɗin jirgi ma bai biya ba, ya hau jirgin sama ya yi gaba. Allah ya isa.

Katinsa kuwa na gaske ne, na babbar ƙungiya. Wani malami maras tsoron Allah ne ya sa masa hannu.

Saboda haka je ka kalli malamin yana koyarwa tukuna. Ɗalibai nawa yake shiga ruwa da su? Ya taɓa hana wani kati? In bai taɓa ba, kama gabanka. Kuma kafin ka yi zancen mita 40, yi darasin ceto, shi ne ke raba mai nutso da ɗan yawon buɗe ido. Haɗa kaya da duba silinda ba zan ɓata bakina a kai ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 baƙi suka ɗauke mana ƙafa. In a Hurgada ko Dahab za ka nemi aiki a Masar, tambayi cibiyar da za ta ɗauke ka katin da take aiki da shi, ka bi wannan. In kuwa aikin rijiyoyin mai kake hange, duk waɗannan ba za su shigar da kai ba, sai takardar nutson sana'a irin ta HSE, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Ingila, wadda IMCA, ƙungiyar kamfanonin aikin teku, ta yarda da ita.